Ƙafar Tela ta Dama

Litinin, 3 ga wata, biyar na yamma

An sallamo mu. Kwana shida a asibiti. Tela ya dawo gida da ƙafafunsa biyu da bakinsa, ni na dawo da ciwon baya da wannan littafi.

Nas ce ta ba ni shi, wata doguwa mai sauri kamar ana bin ta. Ta ce jijiyar da ke kai jini ƙafarsa ta dama ce ta toshe, likita ya zura wani abu ya buɗe ta, amma irin wannan hanya takan sake rufewa. Aikina shi ne safe da yamma in taɓa doron ƙafar, tsakanin idon sawu da yatsu, in ji ko jini na bugawa, in rubuta. Ranar da na ji shiru, ko na ga launin ƙafar ya sauya, mu komo a take. In aka makara kuwa... ba ta ƙarasa ba, gefen hannunta kawai ta ɗora a ƙasan gwiwarta. Na gane. Ba zan rubuta sunan abin ba.

Ta kama yatsuna biyu ta ɗora a wurin, ta ce, "Kin ji, Mama?" Na ce na ji. Ban ji komai ba. Hankalina na kan yadda za mu sa shi a mota.

Babba, ɗanmu na fari, ya so a wuce da uban can wurinsu, wai matarsa ta fi ni ido da ƙarfi. Na ce shekara arba'in da bakwai ina kallon ƙafar nan tana taka keken ɗinki, ba yau za a kawo min mai nuna min ita ba. Ya ce, "Inna, kin tabbata?" Na ce ya ja motarsa.

Layi ɗaya nas ta ce in riƙa rubutawa. To littafin da fili, ni kuma da baki.

Talata, 4 ga wata, bakwai na safe

Na sha wuya yau. Na ɗora yatsu biyun yadda ta nuna, shiru. Na matsa sama, na matsa ƙasa, shiru. Sai na tuna yatsun nan biyu ai sun daɗe da yin ritaya. Shekara da shekaru ina yi wa Tela maɓalli da kalmasa da allurar hannu, fatarsu ta zama kamar tafin takalmi. Ko garwashi na ɗauka, sai daga baya labari ke iso ni.

Sai na juya hannu na danna da babban yatsa. Tif. Tif. Tif. Ga shi nan, kamar ɗan tsako a cikin ƙwai.

Tela ya ce, "Rediyo, kin kamo tashar?" Haka yake kirana tun muna da baƙin gashi, wai ba a kashe ni.

Na ce, "Na kamo, ana gaishe ka."

Yana bugawa.

Talata, shida na yamma

Yana bugawa.

Laraba, 5 ga wata, bakwai na safe

Yana bugawa. Ya ci abinci, ya yi ƙorafin gishiri, wato rashinsa. Bayana kamar an taka.

Juma'a, 7 ga wata, huɗu na yamma

Wani malamin makaranta ya zo karɓar wandon da ya kawo tun kafin mu tafi asibiti. Shagon Tela ɗaki ne a gaban gidanmu, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da inda yake kwance. Yana jin muryar mutumin ya fara laluben takalmi.

Na ce, "Sai ina, ango?"

Ya ce, "Kalmasa ce kawai ta rage. Minti biyar."

Na ce, "Likita tafiya kaɗan ya ce a tsakar gida, bai ce ka hau keke ba."

Na yi kalmasar da hannu, mutumin na tsaye. Tela ya sa gilashi ya duba, ya ce ta karkace kamar sawun maciji. Na ce mai wandon ma ba a miƙe yake ba. Sai da na faɗa na tuna yana bakin ƙofa. Bawan Allah ya karɓi wandonsa ya yi mana fatan sauƙi.

Keken ya fara ƙura. Na rufe shi da zane.

Yana bugawa, safe da yamma.

Asabar, 8 ga wata, biyar na yamma

Farfesa ta zo, bayan na gama duban safe. Jikata ce, 'yar Babba, shekararta sha shida, ba ta buɗe baki sai ta ce "a kimiyyance". Ni na raɗa mata sunan, yanzu har ubanta da shi yake kiranta.

Ta ce, "Kaka, kin ma san abin da kike ji a ƙafar nan?"

Na ce, "A'a, ni aji huɗu na yi aka kore ni saboda surutu. Koya min."

Ta ɗauki allin Tela ta zana wani abu kamar mangwaro a kan teburin yanka. Ta ce zuciya ɗaki huɗu ce, biyu sama, biyu ƙasa. Jinin da ya gama zagaya jiki ya gaji yana shigowa ta ɓangaren dama, a tura shi huhu ya sha iska. Ya dawo ja wur ta ɓangaren hagu. Ɗakin ƙasa na hagu, wanda ya fi kowa kaurin bango, shi ke matsewa ya watsa shi cikin jijiyoyi. Manya su rabu ƙanana, ƙanana su rabu har su fi zaren ɗinki siranta. Can jinin zai sauke iska da abinci, ya kwashi datti, ya kamo hanyar gida ta wasu jijiyoyin dabam. Kowace ƙofa kuma gaba take buɗewa, ba ta buɗewa baya.

Na ce, "Wato gidan haya ne mai ɗaki huɗu da ba mai kwana. Kowa ya yi sallama sai a ce masa wuce gaba."

Ta ce, "Kaka, ba haka yake a littafi ba."

Na ce, "Littafin ne bai iya labari ba. To matar gidan yaushe take hutawa?"

Ta ce hutunta tsakanin bugu da bugu ne, shi ke nan. Na ce ashe akwai wadda ta fi ni wahala a gidan nan.

Tif-tif ɗin da nake ji, in ji ta, turin zuciyar ne ke isowa. Duk matsawa ɗaya, jijiya takan ɗan ɗaga. Ƙafa kuwa ita ce gidan ƙarshen layi. In ruwan famfo ya yi ƙasa, su ke fara rasawa.

Daga ciki Tela ya ɗaga murya, "Ku goge min teburi!" Can kuma ya ce, shi kaɗai, "Ƙofa mai buɗewa gaba kawai. Wanda ya yi wannan ɗinki ya iya."

Ubanta ya zo ya ɗauke ta kafin la'asar. Yana bugawa.

Litinin, 10 ga wata, bakwai na safe

Yana bugawa.

Tela ya ce sanyi yake ji a ƙafar, in bar masa safa. Yanzu shi da kansa yake naɗe ta zuwa rabin ƙafa, ya buɗe min wurin da zan taɓa, yatsun suna ciki. Wanka ma ya ce shi zai riƙa yin abinsa. Na ce, "Kunyata ka fara ji bayan tsufa?" Ya ce, "Taɓa ki tafi."

Ƙafar da sanyi kam. Amma ɗakin ma da sanyi. Na kashe fanka.

Laraba, 12 ga wata, tara na safe

Ba ya kwanciya sosai yanzu. Da safe nakan same shi a bakin gado, ƙafar na reto a ƙasa, wai ya fi jin daɗin haka. Bai ce min Rediyo ba tun jiya. Na ba shi labarin matar mai shagon kusurwa da ta kori kyanwa ta faɗa cikin kwatami da sabon zane, labarin da na ƙara masa gishiri sosai tunda an hana shi na miya. Ko murmushi.

Babba ya kira. "Inna, yana bugawa?"

Na ce, "Kamar ganga."

Ya ce, "Ko in turo matata ta duba?"

Na ce ta zauna ta duba tukunyarta.

Na gaji. Irin gajiyar da barci ba ya ɗaukewa.

Alhamis, 13 ga wata, shida na yamma

Yana bugawa. Rabin abincin ya dawo.

Juma'a, 14 ga wata, uku na rana

Akwai wani wari a ɗakin. Na ce ɓera ne ya mutu a bayan kabad. Na janye kabad, na fitar da buhunan ƙyallen da Tela ya tara tun zamanin da ba a haifi Babba ba, na share, na goge. Ban ga ɓera ba. Tela yana kallona ina ta fama, ya ce, "Ki bari, za ki karya bayanki." Na ce bayan ai ya riga ya karye, saura a sanar da shi.

Na buɗe taga. Na kunna turare.

Yana bugawa. Har ya fi na da ƙarfi, da na gama jan kabad ɗin nan.

Asabar, 15 ga wata, biyu na rana, a bencin asibiti

Farfesa ta zo da wuri yau. Ta ce, "Kaka, bari in ga yadda kike yi, za a tambaye mu a jarrabawa." Tela ya naɗe safar ya juya fuska bango. Na danna, na ce, "Ga shi nan, tif, tif. Zo ki koya a wurin 'yar aji huɗu."

Ba ƙafar take kallo ba. Hannuna take kallo.

"Kullum da wannan yatsan kike ji?"

Na ce, "Shi kaɗai ke da sauran rai."

Ta ce, "Kaka, babban yatsa yana da nasa bugun."

Ban gane ba. Ta kama hannuna ta danna yatsan a kan ƙarfen gado, ta ce in yi shiru. Tif. Tif. Tif. Ƙarfen gado ya buga. Na ƙwace hannuna na danna a bango. Bango ma ya buga.

Ta durƙusa ta ɗora nata yatsun biyu. A ta hagu ta samu, can ƙasa-ƙasa. A ta dama ta daɗe, ta daɗe, ina jin agogon falo. Sai ta zare safar gaba ɗaya. Tela ya ce, "Ke!" amma ya makara.

Ba zan rubuta abin da na gani ba. Ba ɓera ba ne.

Lahadi, 16 ga wata, sha ɗaya na safe

Doguwar nas ɗin ce ta karɓe mu jiya. Ta buɗe littafin nan, ta tsallake surutuna, tana bin inda na rubuta abin da ta sa ni. Kwana sha ɗaya, safe da yamma. Ta rufe shi a hankali ta ce, "Mama, ni ce ban ce miki ban da babban yatsa ba." Na ce, "Ke kin tambaye ni ko na ji, na ce na ji."

Likita ya kawo wata 'yar na'ura mai magana. Ya ɗora a ƙafar hagu, ta riƙa huci, fuu, fuu. Ya ɗora a ta dama, ba ta ce komai ba. Ya ce hanyar ta daɗe da rufewa, ba jiya ba, ba shekaranjiya ba. Bai kalle ni ba da ya faɗa. Gara ma ya kalle ni.

Za su ɗauko wata jijiya daga cinyarsa, cikin masu mayar da jini gida, su yi wa jinin hanya ta zagaye wurin da ya toshe. Sai an juya ta, kai ya koma ƙasa, saboda ƙofofin nan masu buɗewa gaba kawai. Tela ya ce, "Faci ke nan." Likita ya ce faci ne. Daga nan a jira a ga inda jinin zai kai. Ya ciro biro ya ja layi biyu a fatar, ɗaya can ƙasa kusa da yatsu, ɗaya a ƙasan gwiwa.

Ni matar tela ce. Na san abin da ake yi a kan layin da aka ja a yadi.

Babba ya same ni a baranda. Ya ce, "Inna, da kin ce ba ki iya ba." Iyakar maganarsa ke nan. Ba tsawa, ba komai. Da ya yi tsawar ma da na samu abin mayarwa.

Talata, 18 ga wata, biyar na yamma

Awa huɗu da rabi jiya a ɗakin tiyata. Ya fito, ya farka, ya yi amai, ya nemi gilashinsa.

Duk awa nas tana zuwa da na'urar nan. Tana huci a gwiwa. Tana huci a ƙauri. A doron ƙafa wani lokaci kamar akwai, wani lokaci kamar babu. Ni dai nakan zauna a kan hannuwana.

Matar Babba ce ke kawo abinci. Takan ce, "Sannu, Inna," ta ajiye min nawa dabam. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga maganar ba. Tukunyar da na ce ta zauna ta duba, daga ita nake ci.

Babba yakan gaishe ni kamar mai gaida maƙwabciya.

Laraba, 19 ga wata, safe

Ba labari. Wani tsoho a gadon gefe ya ce in ba su tatsuniya, an ce na iya. Na ce an ɗauke wuta.

Alhamis, 20 ga wata, shida na yamma

Ɗumi ya sauko har idon sawu, in ji nas. Gobe likita zai zaɓi layi.

Juma'a, 21 ga wata, huɗu na yamma

Na ƙasa, na kusa da yatsu.

Alhamdu lillahi. Na zauna a ƙasan baranda mutane na tsallake ni.

Lahadi, 23 ga wata, biyar na yamma

Kwana takwas ina tauna maganar. Yau da yara suka fita na ja kujera kusa da shi na ce, "Malam, ka yafe min. Zuciyata nake ta sauraro ina ce taka ce."

Sai ya ce, "Tun ran Lahadin farko na ji ta rufe."

Na ce, "Me?"

"Ciwon ya dawo irin na da. Ran Litinin na ga launin yatsun. Shi ya sa na sa safa."

Na ce, "Kana gani ina rubuta yana bugawa?"

Ya ce, "Ina gani. In kin ce yana bugawa sai in ce a raina, wataƙila ita ta fi ni sani. Sai in samu in kai yamma." Ya share fuska da tafin hannu. "Shekara hamsin ina yanka yadin mutane. Ban san haka yadi ke ji ba in ya hango almakashi."

Na ce, "Har kabad ka bari na ja."

Ya ce, "Na ce miki ki bari."

Da ba a kwance yake ba da na san abin da zan yi masa. Na tashi na fita, na zauna a benci ina huci kamar na'urar likita. Ta ƙofa na ga Babba ya shiga, uban ya yafito shi, ya daɗe yana magana, Babba na tsaye kai a sunkuye. Da ya fito ya wuce ni. Can ya dawo da shayi a kofin roba, ya tsuguna a gabana ya ce, "Inna, sha tun da zafi."

Sukari ya yi yawa. Na shanye.

Laraba, 2 ga sabon wata, goma na safe

Muna gida tun shekaranjiya. An karɓe min aikin taɓa ƙafa. Matar Babba ke zuwa safe da yamma da yatsunta masu laushi, ita ke da nata littafin. Nakan buɗe mata ƙofa da kaina.

Yana takawa da sanda, daga gado zuwa ƙofa, ya huta, ya komo. Har yanzu ban gama fushi da shi ba, shi ma ya sani.

Yau ya ce faratansa sun yi tsawo suna kama bargo. Na sa gilashi, na kawo kujera 'yar tsugunno, na ɗora ƙafar hagu a cinyata na yanke, a hankali, yadda nas ta ce, kada in taɓa fata. Na ɗauko ta dama, na yi wa waɗanda suka leƙo ta bandeji. Na kaɗe zanena zan tashi.

Ya ce, "Har kin gama?"

Na ce, "Bakwai ne ai, ba goma ba."

Ya ce, "To koma ki zauna. Lokacin ukun nan ma nawa ne."

Na koma na zauna, ƙafar na cinyata.